Kujerar Mai Juya Shafi

Malam Fereti ya daɗe yana koyar da kiɗa a wata makarantar fasaha a Apia, babban birnin Samoa, amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne koyar da ladabi, tunda shi ba ya buƙatar kayan aiki. Bana kuwa ladabin ya juyo kansa.

Saboda bikin 'yancin kai aka gayyato ƙwararrun makaɗa daga New Zealand, aka haɗa kowane ɗalibi da gwani. Masu goge bibbiyu suke zama, takardar kiɗa ɗaya a gabansu. Na kujerar waje, ta ɓangaren jama'a, shi ne babba. Na ciki shi ke juya shafi. Sinalei, wadda ta fi kowa hannu a ajin, aka haɗa ta da wani dattijo mai sanƙo, Mista Haddow.

Tun gwajin farko aka ga matsala. Shafi na ƙarewa sai Sinalei ta sauke goge, ta sunkuyar da kai, ta ce "tulou", sannan ta miƙa hannu a hankali ta gaban dattijon. Ɗan Samoa ba ya gitta wa babba bai nemi gafara ba. Kafin shafin ya kwanta, kiɗa ya yi gaba ya bar su.

Jagoran makaɗan ya ja Fereti gefe. "Malam, yarinyar ta iya. Amma in ta sake gobe, wata zan sa."

Ga shi kakarta ta riga ta hau jirgin ruwa daga tsibirin Savai'i da kwandon gwaza, bayan ta umarci ƙauye guda su zauna gaban talabijin.

"'Yata," in ji Fereti, "fizge shafin kawai za ki yi. Bature ne, ba zai ji komai ba."

"Malam, ya girmi babana fa."

"Na sani."

"Kai ka sa ɗan ajinmu Ioane sharar fili don ya wuce gabanka bai sunkuya ba."



Washegari ta yi biyayya ta fizga. Shafi biyu suka tafi tare, ta ce "tulou" har sau biyu. Jagora ya ajiye sandarsa.

Mista Haddow ya waiwayi Fereti. "Wai me take ce min ne?"

Fereti ya yi masa bayani, yana share gumi.

"Duk shekarun da na yi a kujerar nan," in ji dattijon, "ba wanda ya taɓa neman gafarata sai likitan haƙori." Ya miƙe. "Taso, jikata, dawo nan. Ni zan juya."

"Kujerar waje ce, Haddow," in ji jagora.

"Na san ta. Ita ta kashe min baya."

Ranar biki Sinalei ta zauna ta ɓangaren jama'a, ta ja gogenta ba ta sauke ba ko sau ɗaya. Ana tsakiyar kiɗa Fereti ya hango sanƙon nan ya sunkuya, leɓe ya motsa da "tulou", shafi ya ɗan makara. Jagora ya zabga wa dattijon harara.

Da aka tashi, kakar ta tare Fereti. "Tsohon nan da ke kusa da ita yana da tarbiyya. Shi ma ɗalibinka ne?"

Fereti ya gyara ɗaurin zanensa.

"Sabon shiga ne, Inna. Muna kan gyara shi."