Filin da Aka Shimfiɗa wa Gwiwar Davou

Tun da matarsa ta rasu, Alhaji Uwaisu ba shi da abokin hira a unguwar Barking, can ƙasar waje, sai Davou, tsohon direban bas ɗan Jos, wanda suke buga tenis tare duk Asabar a ɗan filin bayan unguwa. Wasan dai sunansa wasa: tsofaffi biyu, ƙwallo na tafiya kamar mai jin kunya, surutu ya fi bugu yawa. Amma don wannan Asabar ɗin Uwaisu yake haƙuri da sauran mako.

Sai gwiwar Davou ta fara gardama. Ya dafe ƙafa ya ce, "Alhaji, kankaren nan zai kashe ni. Ina ganin na kusa yin retire."

Ana cikin haka hukumar unguwa ta ce za a sake shimfiɗa filin, mazauna su zaɓa: ko sabon kankare, ko ciyawar roba mai yashi, wadda ke da taushi a ƙafa. Matasa kankare suke so, don ƙwallo ta fi tashi a kansa. Uwaisu, mutumin da ko gaida maƙwabta nauyi yake masa, ya bi gida-gida cikin ruwan sama yana roƙon a zaɓi ciyawa. Bai gaya wa Davou ba, so yake ya gani da idonsa. Ciyawa kuwa ta yi rinjaye.

Shi kuma Davou irin mutanenmu ne da ba sa faɗin tafiya sai an ɗaure kaya, kada baki ya shiga. Ranar buɗe filin ya zo hannu rabbana, ba raket.

"Jibi zan koma Jos gaba ɗaya, Alhaji. Yara sun yi min booking ɗin jirgi tuntuni." Ya taka ciyawar ya yi dariya. "Kai, da taushi! Shawarar wa?"

"Mutanen unguwa," in ji Uwaisu. "Allah ya kiyaye hanya."

Asabar ta zagayo. Ya je shi kaɗai, ya tsaya gaban bangon da marasa abokin wasa ke bugawa. A da, kan kankare, ƙwallo har hannu take dawowa. Yau ya buga, ta daki bango, ta faɗo kan ciyawar, ta yi ɗan tsalle ta kwanta can nesa da shi. Ya taka a hankali ya ɗauko ta, ya sake bugawa. Nan ma ba ta dawo ba.