Yis ɗin da Malsun Ta Zaɓa

Malsun ta yaye bargon daga kan bokitin giyar, wari ya cika ɗakin, kamar ayabar da ta ruɓe a cikin gwangwanin fenti.

Tsoho Tak yana tsaye a bakin ƙofa, bututun iska a hancinsa, jakar asibiti a gefen ƙafarsa. Ko takalmi bai cire ba.

"'Yar Hadong," ya ce. Haka yake kiranta, da sunan garin da aka auro ta. "Wa ya ce ki shigo da shi nan?"

"Sanyi ake a rumbun. Na ce kada yis ɗin ya mutu."

"Shi ne kika dafa shi da ransa."

Abin da ta sani ta yi. Shekara arba'in tana haɗa giyar shinkafa, kuma ita giyar shinkafa a kusurwar da daɓe ya fi ɗumi ake ajiye ta, a lulluɓe ta kamar jariri. Kwana goma sha tara Tak yana kwance a asibiti a Jinju, ita kuwa kullum tana ƙetare gonar tafarnuwar da ta raba gidajensu, ta kunna wutar ƙarƙashin daɓe saboda bokiti ɗaya.

Ya ɗebo a cokali, ya shaƙa, ya mayar. Bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi damunta.

Yana da shekara ashirin da shida ya tafi haƙar kwal a Jamus, kwangilar shekara uku, ya yi ashirin da takwas. Ya dawo tsibirin Namhae da tari, da kuma kwalba ɗaya ta yis mai rai, na giyar nan fara mara nauyi da yake sha a birnin Kolon ranakun hutu. Shekara ashirin da biyu yana kiwon yis ɗin: in giya ta nuna, ya kwashe laka-lakan gindin bokiti ya adana don ta gaba. Ana gobe za a kwantar da shi ya juye kwalbar gaba ɗaya a wannan bokitin. Ba sauran ko ɗigo.

"Huɗu ga Disamba," ya ce, yana neman bango da hannu. "Kwana ashirin da shida."

Ta san ranar. Ranar mahaƙa ce a can, su kuma da suka dawo gida ba su daina ba. A da su goma sha ɗaya ne suke taruwa a falonsa su sha giyarsa. Yanzu huɗu suka rage, har da shi.

Ta kuma san abin da shi ba a faɗa masa ba. 'Yarsa tana Jamus, don haka ita likita ya tare a baranda, ya ce kada a shirya komai da zai wuce ƙarshen Nuwamba.

Kwana biyu bayan nan kaya suka iso daga wani shago a Busan: tsiron sha'ir da aka ɓarza, furen nan mai ɗaci da ake sa wa giya, da 'yan fakiti biyu na busasshen yis. Ita ta yi aikin duka. Shi yana zaune a kujera a tsakar gida, bargo a gwiwa, agogo a hannu ɗaya, ma'aunin zafi a ɗaya.

"Sittin da biyar na ce, ba sittin da takwas ba."

"Kai Bajamushe, tafarnuwa ce kaɗai ba ka auna wa zafi a duniyar nan."

"Ita ma don ba tawa ba ce. Juya daga ƙasa. Miya kike yi?"

Da la'asar ruwan tsiron ya huce a bokiti, lita goma sha tara. Ya ajiye fakitin biyu a kan ɗan tebur, ɗaya ja, ɗaya fari, ya jera su daidai da gefen teburin.

"Jan nan ba ruwansa da zafi," ya ce. "Ko a daɓen naki zai yi aiki. Kwana huɗu ya gama, kwana goma an sha. Sai dai ƙanshin lemo yake bari. Giya ce, amma ba waccan ba."

"Farin fa?"

"Shi ne ɗan'uwan nawa da kika kashe. Digiri goma sha biyar yake so. Mako biyu yana ci, sannan ba ya son kwanciya, sai an daɗe ana sanyaya shi kafin ta washe. In an yi sa'a, huɗu ga wata. In ba a yi ba, Kirsimeti."

"To wanne za a zuba?"

"Ke kika dafa."

"Giyarka ce."

Ya gyara bututun a hancinsa, ya dubi gonar tafarnuwa. "Ke kika yi magana da likita, 'Yar Hadong. Ba ni ba."

Ta tsaya da almakashi a hannu. Ta gane in ta ɗauki jan, ta gama faɗa masa komai, kuma zai yi sauran kwanakin yana ƙirga su. In ta ɗauki farin, mai yiwuwa ta binne shi bokitin yana rumbu, bai ɗanɗana ko cokali ba, bayan ita ce ta ɓata ta farkon.

Ta yanke bakin farin, ta barbaɗa shi a kan ruwan.

"Kada ki juya," ya ce da sauri. "Bar shi ya jiƙa da kansa."

Ta kai bokitin rumbun da take ajiye irin tafarnuwa. Ma'auni ya nuna goma sha huɗu. Washegari ba motsi. Ta leƙa sau shida, ɗan bututun ruwan da ke kan murfin yana nan shiru. Sai a hantsin kwana na biyu, tana ɗaure tafarnuwa, ta ji ɓul a bayanta. Ta jira. Ɓul. Ta zauna a kan buhu har sai da ta ƙirga ashirin, sannan ta je ta gaya masa.

"Da ma zai tashi," ya ce. "Ke ce mai gaggawa." Amma ranar ya shanye kunun shinkafarsa.

Ashirin da biyu ga wata suka juye giyar a ƙaramar gangarsa ta ƙarfe. A lokacin Tak ya daina fitowa tsakar gida. Ta kai masa kofi ɗaya a shimfiɗa. Fara fat take, kamar ruwan wankin shinkafa.

"Sanyi take so, dab da ƙanƙara," ya ce. Numfashi yana raba masa magana. "Firijina ba zai ci gangar ba. Ki bar ta waje. Abin da ya yi, ya yi."

Waje digiri takwas ne da rana. Malsun ta koma gida ta tsaya a gaban firijin kimci, kabejin tsami da suke ajiyewa don hunturu. A makon nan ta gama aikin shekara: kabeji sittin, gishiri da barkono da tafarnuwar gonarta, kwana uku bayanta bai miƙe ba. Firijin cike yake har murfi, kuma shi kaɗai ne a unguwar yake riƙe sanyi a sifili ba ya motsi.

Ta ɗauko shebur. Ta haƙa ramuka uku a gindin katanga, ta wanke manyan tulunan surukarta da suka shekara goma a kife, ta binne su har wuya, ta kwashe kimcin ta danna a ciki, ta rufe da bambaro. Aikin ya ci yini biyu. Sannan ta turo gangar a baro ta saka a firijin, ta haɗa mata tukunyar iskar da ke sa kumfa, yadda ya zana mata a bayan takardar magani.

Nuwamba ta ƙare yana nan. Malsun ta yage shafin kalandar ɗakinsa a gabansa.

Biyu ga Disamba da safe ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida ta fito tana naɗe abin awonta, ta ce a kira 'yarsa ta taho yau, ba gobe ba. Malsun ta kira. Sannan ta buɗe kabad ɗinsa ta ɗauki ɗaya daga cikin siraran kofunan gilashin da ya zo da su, dogaye kamar kwalbar fitila, ta ƙetare gona.

Kofin farko laka ne, ta zubar. Na biyu da dama. Na uku ta ɗaga shi a hasken ƙofa, launin bambaro, da kumfa fari kamar yatsa biyu. Ta taho da shi a hankali, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefe.

"Jarida," ya ce da ya gani.

Ta ɗauko jaridar jiya, ta riƙe a bayan kofin. Ya runtse ido ɗaya. Leɓɓansa suka motsa.

"Iska daga arewa maso yamma," ya karanta ta cikin giyar. "Igiyar ruwa... mita ɗaya da rabi."

Malsun ta ajiye jaridar.

Ba ya iya haɗiya sosai. Ta kai kofin hancinsa ya daɗe yana shaƙa, sannan ta ba shi a ƙaramin cokali. Ɗaya. Ya riƙe a baki. Biyu. Na uku ya ɗaga yatsa.

"Yaya?" ta ce.

"Ba ta kai tawa ba."

"Na sani. Amma?"

"Amma ita ce." Ya rufe ido. Can ya buɗe. "A ina kika sanyaya ta?"

"Ba ruwanka."

"Kimcin naki fa?"

"Yana ƙasa, inda ya kamata tun farko. Ka kwanta."

Ya yi wani abu da ya so ya zama dariya. Ta goge masa haɓa.

'Yarsa ta iso washegari da hantsi. Ya gane ta, ya kira sunanta. Ya cika da ƙarfe uku da minti ashirin na rana, taga a buɗe kaɗan yadda ya nema.

Huɗu ga wata ta faɗo a rana ta biyu ta zaman makoki. Zauren makokin yana cikin gari, mai miyar nama da giyar kwalba kamar kowane. Malsun ta sa aka kawo gangar a bayan motar mai sayen tafarnuwa, tare da kofuna huɗu a naɗe cikin tawul.

Tsofaffin uku suka zo da baƙaƙen kwat da suka yi musu yawa. Suka durƙusa sau biyu a gaban hoton, suka zauna a teburin ƙurya. Babbansu, Tsoho Seol, wanda suka yi rami ɗaya da Tak, ya ɗaga kofinsa a hasken fitila, ya kurɓa. Ba a gwara kofuna a gidan makoki, don haka kowa ya sha nasa shiru.

"Ta bana ta fi ta bara," Seol ya ce. "Wa ya dafa?"

"Shi ya auna," in ji Malsun. "Ni na juya."

"Ya sha?"

"Cokali biyu."

Seol ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. "To ya sha."

Ya cika kofi na huɗu, ya tashi da ƙyar, ya kai gaban hoton ya ajiye tsakanin fararen furanni. Ya laluba aljihun kwat ɗinsa ya fito da wani ɗan faifan kwali, tsoho, gefensa ya cinye.

"Na mene ne wannan, Yaya?" ta tambaya.

"A Kolon masu raba giya ba sa tambaya. Kana shanyewa za su kawo wani. Sai ka rufe kofinka suke ƙyale ka."

Ya ɗora faifan a bakin kofin, ya daidaita shi da yatsa. A ƙarƙashinsa ƙananan kumfa suna ta hawa daga gindin gilashin, ɗaya bayan ɗaya.