Dalma a Tankin Unguwarmu

Har yau in na tuna Osman akawu sai in yi tsaki. Tir!

A ranin 1954 ne, ina aikin haɗa magani a wani ɗakin shan magani nan Tamale. Rijiyoyi sun ƙafe, duk layinmu a Moshi Zongo tanki ɗaya muke ɗiba, wani tsohon tankin ƙarfe da aka shafe cikinsa da jan fenti don kada ya yi tsatsa. Mata har yabon ruwan suke yi, wai garɗi gare shi.

Sai Azeta, 'yar ƙanwata Humu, ta fara murɗar ciki. Shekararta huɗu. Ta daina cin abinci, ta yi fari fat. Da na ɗaga leɓenta na ga baƙin layi a dasashinta. Dalma ke yin haka, kuma jan fentin nan da dalma ake yinsa. Na hana Humu ruwan tankin, na dami ofishin duba-gari har suka aika kwalba ɗaya Ankara, babban birninmu, a auna.

Sati uku shiru. Rannan Humu ta tare ni a ƙofar gida.

"Yaya, an ce takarda ta zo, ruwa lafiya lau. Na gaji da tafiya har dam, jiya na koma ɗiba a nan."

Ko takalmi ban cire ba na juya sai ofishin duba-gari. Osman yana zaune da nakatayi ɗaure a wuya a wannan zafin, yana sakace. Ya turo mini takardar da yatsa ɗaya.

"Malam Mamudu, kai da ka yi makaranta, duba. Doka ta ce kada dalma ta wuce 0.1. Ankara sun samu 0.02. Wanne ya fi?"

Na duba gaban lambar. Milimol a lita aka rubuta, ba miligiram ba.

"Akawu, wannan ƙidaya ce, ba nauyi ba. Doka nauyi take nufi. Goro ɗari da doya ɗari kaya ɗaya ne a kanka? Milimol ɗaya na dalma miligiram 207 ne." Na fizgi alƙalaminsa na buga lissafin a kan tebur, 0.02 sau 207. "Miligiram huɗu da 'yan kai a kowace lita. Ya ninka dokar sau arba'in da ɗaya!"

Ya goge teburin da hankici, a hankali, kamar kashin kaza na ajiye masa.

"Na riga na buga hatimi. Bature, shugaban ofis, ya sa hannu. So kake in je in ce masa ya sa hannu a kan kuskure?"

"Yara ne ke sha, Osman!"

"Rubuto takarda. In ya dawo daga rangadi a duba."

Wallahi saura kaɗan in shaƙe shi da nakatayin nan. Na sayi kwaɗo na kulle famfon tankin da hannuna. Kafin la'asar an ɓalle shi. Ban ga laifin kowa ba, ga ƙishirwa, ga takardar gwamnati manne a jikin tankin tana cewa a sha. Maganar mai haɗa magani ina za ta je?

Kwana goma sha ɗaya Bature ya yi kafin ya dawo. Minti biyu ya duba lissafin da na rubuto a takarda ya ce a rufe tankin. Azeta kuwa tun rana ta tara jijjiga ta kama ta a bayan uwarta, ba ta kai ɗakin shan magani ba ta cika.

Osman ya zo ta'aziyya ranar sadakar uku, da farar riga a goge. Ya shafa fatiha, ya matso kusa da ni a kan tabarma, ya rage murya, Humu tana jin sa daga bayan ƙyaure.

"Allah ya ba da haƙuri, Malam. Amma in an tambaye ka, ka yi mini shaida. Lambar da aka rubuto ita na kwafa, ban ƙara ba, ban rage ba."