Takalman Zakiya

Bawa baduku yana kurɓar shayi a shagon gahawar Abdulghani da ke unguwar Karantina, a ƙasar Larabawa, sai rediyo ya kawo labarin. Wai wasu makiyaya a hamadar Falasɗinu sun shiga kogo, sun tarar da tuluna cike da tsofaffin fatu masu rubutun Yahudawa, har da Attaura. Wai ma wajen wani mai ɗinkin takalmi suka fara kai su.

"Ka ji, Bawa?" in ji Abdulghani. "Saura kaɗan ɗan'uwanka ya yanka Attaura!"

Kowa ya kwashe da dariya, ban da Bawa. Makon jiya wani Balaraben jeji ya kawo masa tsohuwar fata mai wani irin zane, da'ira da sanduna da wani abu kamar ƙugiya. Ya yanka ta ya ɗinka wa matarsa Zakiya takalma, zanen daidai wurin dunduniya. Kuma yanzu haka Zakiya tana gidan biki a unguwar Sharafiyya.

Littafin Annabi Musa a ƙarƙashin ƙafar Zakiya!

Ya zabura da gudu, rawani na warwarewa. Yana istigifari, yana kuma murmushi, don a ransa ya riga ya jiyo rediyo na faɗin sunansa.

A ƙofar sashen mata ya tarar da takalma tsibi guda. Ya durƙusa yana tona har ya zaƙulo nata, ya sumbace su, ya aza a ka.

"Ɓarawon takalmi!" wata tsohuwa ta kurma ihu.

Mata suka fito duu, Zakiya a cikinsu.

"Ya Abu Saleh, lafiya?" Zakiya ta tambayi mijinta.

"Kada ki ƙara taka su! Attaura ce, wallahi, irin ta kogo!"

Ta miƙa hannu ta sauke ɗaya, ta duba. Kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

"Malam, wannan ai shaidar raƙumi ce, wadda Larabawa ke ƙona masa a cinya don kada ya ɓata. Cinyar raƙumi ka sumbata!"

Guɗa ta tashi. Bawa ya zauna daɓas a kan takalman mutane, ya yi ajiyar zuciya, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Alhamdu lillahi! Halas, sa abinki."

"A'a," in ji Zakiya, ta mayar masa da takalmin a ka. "Riƙe min tukuna, ban gama rawa ba."