Ciwon Marar Malama Hussaina

Duk wata, da al'adar Hussaina ta zo, ciwon mara ke kayar da ita warwas. Ta yi ta murƙususu a tabarma da kwalbar ruwan zafi a ƙasan cibiya, ta yi amai har sai ɗaci ya fito. Tun tana budurwa mahaifiyarta, Inna Mero, ke cewa aure ne maganinsa. Da aka yi auren aka ce sai haihuwa. Ga shi ta haifi biyu, ciwo yana nan daram.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne aikinta. 'Yan aji uku take koyarwa a wata makarantar kuɗi a Safana, kuma hedimasta, Malam Rilwanu, ya gaji da jin Malama ba ta da lafiya. Ya kira ta ofis ya ce in ta sake fashi, akwai masu jiran gurbin. Ta so ta yi bayani, amma ta yaya za ta dubi sa'an ubanta ta ambaci jini? Ta ce to, ta fito tana jin haushin kanta.

Wata maƙwabciya ce ta ba ta labarin wani mai irin maganin nan da ake kira homiyofati a Batsari, wai shi ba ya ba da komai sai ya ji labarin ciwo daga tushe. Mijinta yana cin rani, don haka yayanta Armaya'u ya goya ta a mashin ranar kasuwa. Shi kuwa Armaya'u ba ya barin ƙanwarsa da baƙon namiji, ko da likita ne. Ya bi ta har ciki, ya harɗe a benci.

Mutumin ya fara jero tambayoyi. A ina ciwon yake? Ɗumi yana sassauta shi? Yaushe yake tasowa, yana da lokaci? An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mai wannan magana bai taɓa zama kusa da yayansa a ɗakin likita ba. Hussaina ta ƙura wa babban yatsan ƙafarta ido, ta nuna ciki da hannu sama-sama.

"Likita, kar ka wahalar da kanka," in ji Armaya'u. "Olsa ce. Mu duka gidan muna da ita."

Aka tambaye ta ko haka ne, ta gyaɗa kai.

Ta dawo da ƙwayoyi farare ƙanana kamar gero, masu zaƙin sukari, da dokoki tuli: a sa ƙarƙashin harshe, kar a taɓa da hannu, a nisanci turare da kanumfari da tafarnuwa. Ta bi sau da ƙafa. Ta daina turaren wuta, ta haƙura da yaji, tana lallashin kanta cewa ai ciki da mara maƙwabta ne.

Ciwon bai san wannan maƙwabtaka ba. Ya zo mata da asubar Litinin, ko mayafi ta kasa ɗauka. Inna Mero ta ce lallai ta shaƙi turare a gidan suna. Armaya'u ya aiko cewa daman mata ba su bin doka. Babu wanda ya ce ko maganin ne bai dace ba, ita kuma ba ta da bakin cewa ba na ciwonta ba ne. Takaici ya sa ta kuka fiye da ciwon.

Da ta iya miƙewa ta nufi makaranta, ta rantse yau kunya ta yi kaɗan. Ta gaishe da Malam Rilwanu, ba ta jira ya gama amsawa ba.

"Malam, ba lalaci ba ne. Jinin al'ada ne. Duk wata in ya zo ba na iya tsayuwa."

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya kama gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Subhanallahi. Ai ba sai kin faɗa ba, Malama. Allah shi sawwaƙe."

Ta tsaya tana jira. Ta cikin taga tana jiyo 'yan aji uku suna maimaita karatu bayan wata muryar da ba ta sani ba. Malam Rilwanu bai ɗago ba. Ya ce in ba damuwa, ta bar makullin kabad ɗin ajin a kan tebur.