Kwalayen Bayan Rumbu

"A kai kwalayen nan bayan rumbu," in ji Ɗanmusa.

Tavershima ya tsaya sororo da nasa kwalin a hannu. Tun da sassafe samarin Angwan Kaɗanya suke farke kwalayen taliya suna rubutu a kai da gawayi: BA MA SON FANKA, A BAR MANA TUDUNMU. Yanzu ga gurnanin motar 'yan talabijin tana hawowa daga hanyar Shabu, shi kuma tsohon da gari ya zaɓa ya yi magana da yawunsa yana cewa a ɓoye su.

Maganar dai ta tudu ce. Wani kamfani ya samo izinin kafa manya-manyan fankoki a kan tudun da ke bayan gari, waɗanda aka ce iska za ta riƙa juya su su haifar da lantarki. A kan tudun nan kuwa doyar garin take, kuma gonar Ɗanmusa ce a can ƙololuwa inda iska ta fi kaɗawa. Masu awo sun riga sun zo sun kakkafa turaku masu jan fenti a tsakanin kunyoyinsa, ko sallama ba su yi masa ba. An kai kuka wurin dagaci, an kai ƙaramar hukuma, kowa sai ya ce abin daga sama ya zo. Da kyar da naci aka samu gidan talabijin na Lafiya ya yarda zai turo mutanensa, gari kuwa ya ɗora duk begensa a kan wannan zuwan.

"Baba, abeg," in ji Tavershima. Shi ɗan Tibi ne, gonarsa na iyaka da ta Ɗanmusa, tun zamanin iyayensu suke maƙwabtaka. "Wannan mutane ba biki ya kawo su ba. Bari su gani kwali da farko, kamara ya ɗauka. Abinci zai jira."

"A garin nan ba a taɓa tarbar baƙo da kuka a bakin ƙofa ba," Ɗanmusa ya amsa, yana gyara zaman hularsa. "Ya sha ruwa, ya ci, ya wanke hannu, sannan ka gaya masa abin da ke cin ka. Wanda ya ci abincin gidanka da kunya zai saurare ka."

Dattawa suka gyaɗa kai, don haka suka taso suka tarar ana yi, haka kuma suka sha cin nasara a kan masu karɓar haraji da malaman gona. Samari suka kwashi kwalayensu suna ƙunƙuni, suka jingine su a bayan rumbun Ɗanmusa.

Mutum uku suka fito daga motar. Akwai Rahmat, wata 'yar siririyar yarinya mai ɗauko rahoto, da Ferdinand mai kamara, sai wani mai farar shadda da ƙamshin turare da ya ce sunansa Mahir. Babu wanda ya tambaye shi ko shi wane ne, tunda ba a titsiye baƙo da tambaya bai ko jiƙa maƙoshi ba. Sai daga baya aka san jami'in kamfanin ne, motar ma tasu ce, don ta gidan talabijin ba ta da mai.

Mata suka rangaɗa guɗa. Ɗanmusa ya karɓi ƙwaryar kunu daga hannun matarsa Batulu, ya nufi baƙin da fara'arsa duka, haƙoransa biyu na gaba da suka rage a waje. Ferdinand ya riga ya ɗora kamara a kafaɗa. Rahmat ta miƙo abin magana ta tambaye shi me zai ce game da aikin lantarkin da ya zo garinsu.

Maganar tana nan a bakinsa, zafinta har ƙona masa harshe yake yi. Amma yarinya ce, 'yar mutane, ta sha hanya, ko zama ba ta yi ba. Ya haɗiye.

"Mun gode Allah, mun gode wa gwamnati da ta tuna da mu," ya ce. "Duk wanda ya tako ƙasarmu muna maraba da shi hannu bibbiyu. Sauran magana kuma sai kun ci."

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin kaɗanya. Batulu ta kirɓa sakwara da sabuwar doyar tudu, ta yi miyar agushi da zabi biyu da ta daɗe tana kiwo. Ferdinand ya ci har ya kwance maɓallin wando, ya nemi ƙari, ya rantse bai taɓa cin doya irin wannan ba. Ɗanmusa ya ji daɗi a ransa, ya ce aiki ya fara.

Da aka wanke hannu ya miƙe. Ya daɗe yana bitar jawabin nan shi kaɗai a gona, kuma ranar Allah ya buɗe masa baki. Ya ce ƙasan garin fadama ce, duk shekara ruwa ke cinye ta, tudun nan kaɗai ke ciyar da su. Ya ce ɗorawar da matansu ke daddawa da ita a can take, kabarin mahaifinsa ma a can yake. Ya ce an gaya musu wutar za ta bi waya ta wuce ta kansu zuwa Lafiya da gaba, su da ko ƙwan lantarki ɗaya bai taɓa kamawa a garinsu ba. Ya ce su ba maƙiyan ci gaba ba ne, amma ba su san yadda ake dafa iska a ba yara ba. Tsofaffin mata suka riƙa share hawaye da bakin zani.

Duk wannan magana kamara yake kallo yana yi. Tana kan ƙafafunta uku, idonta a kansa, Ferdinand na gefe yana sakace. Babu ko mutum ɗaya a wurin da ya san cewa akwai wata 'yar jar wuta da ke kamawa in tana ɗauka, balle ya lura ba ta kama ba. Mahir sai duban agogo yake yi yana duban hadarin da ya haɗo ta gabas.

Ɗanmusa ya yi wa Tavershima alama a fito da kwalaye. Kafin samari su dawo daga bayan rumbu ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mahir ya ce in rafin hanya ya cika sun kwana, baƙi suka ruga mota. Gawayin ya narke yana bin kwalaye baƙi-ƙirin. Batulu kuwa, da ba ta taɓa sallamar baƙo hannu rabbana ba, ta bi su cikin ruwan da manyan doya a ka, Mahir ya leƙo ta taga yana ɗaukar ta da wayarsa.

* * *

Ranar Asabar da la'asar aka ce za a nuna shirin. Da yake garin babu wuta, aka yi ayari a kan babura zuwa Shabu, aka cika shagon wani mai gidan kallon ƙwallo. Ɗanmusa ya sa rigarsa ta Juma'a, aka ba shi kujera a gaba.

Aka fara da kiɗa mai daɗi, da hoton wasu fararen fankoki na wata ƙasa suna juyawa a cikin koren fili. Sai ga kaɗanyarsu, sai ga guɗar mata, shago ya kaure da shewa kowa na nuna uwarsa. Sai ga Ɗanmusa da ƙwaryar kunu, fuskarsa ta cika akwatin.

"Mun gode Allah, mun gode wa gwamnati da ta tuna da mu. Duk wanda ya tako ƙasarmu muna maraba da shi hannu bibbiyu."

Nan aka yanke. Muryar Rahmat ta shigo tana cewa al'ummar Angwan Kaɗanya sun yi wa aikin kyakkyawar tarba, duk da jita-jitar da wasu ke yaɗawa cewa ana adawa da shi. Aka nuna Mahir a ofis yana bayanin ci gaba. Aka rufe da Batulu cikin ruwa da doya a ka, muryar na cewa har kyauta manoman suka bayar don nuna godiya. Daga nan sai tallan sinadarin miya.

Aka zuba ido ana jira, a zaton jawabin zai biyo bayan talla. Abin da ya biyo baya labarin wasanni ne. Kunya da baƙin ciki suka hana Ɗanmusa ko waiwayawa. Yana jin mutane na fita ɗaya bayan ɗaya, ana tayar da babura. Tavershima ne kaɗai ya tsaya, don shi ya goyo shi.

"Baba," ya ce a hankali, "ka ce wanda ya ci abincinka zai ji kunya. To, sun ci. Ina kunyan?"

Ɗanmusa ya miƙe, suka hau babur suka nufi gida.

* * *

Ranar Litinin Ɗanmusa ya shiga Lafiya. Ya yini a kan benci a ƙofar gidan talabijin, mai gadi na ce masa oga na mitin. Sai wajen azahar ya hangi Rahmat za ta fita. Ta gan shi ta yi kamar za ta juya, sannan ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a ƙasa.

Ya tambaye ta ina sauran maganarsa. Ta ce ba a ɗauka ba. Ta ce batir ya yi ƙasa tun suna cin abinci, Ferdinand kuma ya ga ba daɗi a ce wa dattijo ya yi shiru, shi ya sa ya bar kamarar a tsaye. Ta ce ita ta rubuta wa edita cewa mutanen suna da koke, ya ce talabijin hoto ne, in babu hoto babu labari. Ta ƙara da cewa shirin ma kamfanin ne ya ɗauki nauyinsa.

"Ai na ce sauran magana sai kun ci," in ji Ɗanmusa. "Wannan kam kun ɗauka, da idona na gani, amma ba ku nuna ba."

"Lokaci ne ya yi kaɗan, Baba. Amma wallahi ba mu ƙara maka ko kalma ɗaya ba."

"Haka ne, 'yata. Ba ku ƙara ba."

Ta yi alƙawarin za ta dawo da kamara ko da a kan acaɓa ne. Wataƙila har zuciyarta take nufi. Ba ta dai dawo ba.

Da dattawa suka sake kai kuka ƙaramar hukuma, sakatare bai wahalar da kansa da dogon bayani ba. Wayarsa ya kunna ya juyo musu fuskar Ɗanmusa, ya ce ai wakilinku ya riga ya yi maraba a gaban duniya. A gari kuwa sai zance ya sauya. Dattawan da suka gyaɗa kai ranar duk suka manta sun gyaɗa. Aka fara raɗe-raɗin cewa an ga Mahir na yi wa tsohon raɗa a bayan mota. Matan da suka yi guɗa suka daina shiga wurin Batulu ɗaukar wuta. Ita kuwa tun daga ranar ba ta sake kirɓa sakwara ba.

* * *

Da ruwa ya ɗauke katafila ta hau tudu. Ta baje kunyoyi, ta tumɓuke ɗorawa, aka kewaye wurin da waya mai ƙaya. Tavershima ya kwashi iyalinsa ya koma wajen garin Obi neman gonar aro, ya zo ya yi wa Ɗanmusa sallama a tsaye, ko ruwa bai sha ba.

Wata safiya Ɗanmusa ya saɓi fartanya da tsohon buhu ya hau tudu. Ya tuna akwai irin doya da ya binne a gefen kabarin mahaifinsa, inda katafila ba ta kai ba tukuna. Irin gidansu ne, daga hannun kakansa ya zo, in ya same shi ko a bayan gida ne ya dasa.

A inda hanyar gonarsa take a da, yanzu ƙofar ƙarfe ce da ɗakin mai gadi. Ya yi sallama. Mai gadin, wani baƙon saurayi cikin kaki, bai amsa ba, sai ya tambaye shi me ya kawo shi. Ɗanmusa ya yi bayani. Saurayin ya ce ba a shiga sai da izini daga Lafiya. Ya ƙura masa ido, ya ɗaga kai sama, ya sake duban sa, sai ya washe baki.

"A'a, Baba, ashe kai ne! Tsaya tsaya, mu yi foto in tura wa yara."

Ɗanmusa ya bi inda idon saurayin ya bi. A saman ƙofar an kafa wani ƙaton allo mai launi, da rubutun boko da bai iya karantawa ba. Hoton dai ba ya bukatar karatu. Shi ne da hularsa, da haƙoransa biyu a waje, ya juya wa tudu baya yana fuskantar hanya.

Saurayin ya rungumo kafaɗarsa ya ɗaga waya, ya ce ya ɗan yi dariya irin ta sama. Iska ta taso daga tudu, mai ƙarfi kamar kullum, ta kaɗa buhun da ke hannunsa babu komai a ciki. A can sama kuwa tsohon yana nan da fara'arsa, yana miƙa wa duk mai zuwa ƙwaryar kunu.