Ruwan Saman Imogen

Fari ya cinye makiyayar Fergus, amma a wasan kwamfutar da 'yarsa Imogen ke koyon haɗawa ta intanet a hutun Janairu, maɓalli ɗaya ake dannawa ruwa ya sauko.

"Baba, malama ta ce dole a sa yadda za a faɗi. Yaushe tumakin za su mutu?"

Jiya ya binne wasu tumakinsa, bai gaya mata ba. Ya zuba wa koriyar ciyawar allon ido, har ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"In mai su ya daina zagaya su."

"Wayo ke nan, tsoho. Kai ai ba ka fashi."

Ta rubuta dokar. Ya ɗauki hularsa ya fita, yana auna ko ƙarya ya yi mata.